LibreNMS a kan layin da ake biya da data: abin da na auna

Wata huɗu ke nan da na ɗora LibreNMS a kan wata tsohuwar kwamfuta a ofishinmu, don in riƙa sa ido kan na'urorin sadarwarmu. Manhaja ce ta kyauta, kuma tun ranar farko ta nuna min abin da ke shiga da fita ta kowace kafa (wato inda ake jona layin sadarwa) ta kowace na'ura. Na ji daɗinta ƙwarai.

Sai wata rana shugabanmu ya kira ni ya ce, "Malam, anya ba wannan abin naka ne ke shanye mana datar reshe ba?" Tambayar tana kan hanya, domin reshen namu da layin waya na 4G yake haɗe, kuma kowane megabayit kuɗi ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in auna."

Yadda manhajar ke aiki shi ne, duk minti 5 tana bin na'urori tana yi musu tambayoyi ta hanyar SNMP, wato tsarin da ake tambayar na'urorin sadarwa halin da suke ciki, su kuma suna amsawa. Duk wannan zancen ta ƙofa mai lamba 161 ta UDP (wata hanyar aika bayanai tsakanin na'urori) yake bi, shi ya sa kama shi bai da wuya. Na sa tcpdump, manhajar kama bayanan da ke wucewa a layi, ya tattara abin da ya bi ta ƙofar nan kawai na tsawon awa ɗaya, na buɗe shi a Wireshark, manhajar nazarin irin waɗannan bayanai, na ga yawan bayit ɗin da kowace na'ura ta ci.

Lissafin ne ya buɗe min ido. A ce zagaye ɗaya ya ci megabayit 1. In ka raba shi kan daƙiƙa 300, bai wuce kilobit 27 a daƙiƙa ba, abin da kebul ɗin sadarwar cikin ofis ba zai ma san an yi ba. Amma zagaye 288 ake yi a rana, wato fiye da gigabayit 8 a wata. A layin da ake sayen data, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma nauyin ba a shimfiɗe yake zuwa ba, a dunƙule yake faɗowa cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan a yi tsit.

Abin da ya ƙara min son LibreNMS shi ne ta ba ni damar ragewa ba tare da na makance ba. A na'urorin reshe na kashe tambayoyin da ba na bukata, na zaɓi kafofin da ake amfani da su kaɗai, na kuma bar su a kan sigar SNMP ta biyu, wadda ke ɗebo amsoshi da yawa da tambaya guda. Tazarar minti 5 kuwa ban taɓa ta ba, don ina son in san layin ya yanke kafin a bugo min waya.

Na sake aunawa bayan gyaran, na kai wa shugaba takardu biyu, na da da na yanzu. Ya duba, ya ce a ci gaba.