Tsakanin farar kaza siririya da mai faɗin ƙirji

Hajiya, cikin fararen kajin nan biyu da ake tallata miki, ɗauki siririyar nan mai zanko a kife. Mai ƙibar da mai kajin ya ajiye miki a gefenta, yana rantsuwa wai duk iri ɗaya ne tunda farare ne, buroila ce. Ke kuwa ƙwai kike nema.

Fari launi ne kawai, ba ya gaya miki irin kaza. Ki kama ta ki duba 'yar fatar da ke ƙasan kunnenta. In fara ce kamar an shafa alli, Leghorn ce, wato wani irin kaza da ake kiwo don ƙwai, ko jininta, kuma farin ƙwai za ta yi miki. In ja ce, to ko buroila ce ko wata mai nauyi irin Plymouth Rock, ƙwanta kuma ruwan ƙasa ne. Ki ƙara da zanko. Na macen Leghorn babba ne, har yakan faɗi gefe guda ya kusa rufe mata ido kamar ɗaurin ɗankwali, na buroila kuwa ɗan guntu ne a tsaye. Wutsiyar Leghorn doguwa ce a ɗage, ƙafafunta sirara masu ruwan ɗorawa, kuma ko ta gama girma nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba. Buroila tana kai wannan nauyin tun tana mako 6.

Ni Leghorn guda huɗu na saya, shekara uku ke nan, kuma a ranar da aka kawo su maigida ya yi mini dariya, ya ce na sayo ƙashi da gashi. Da suka kai kusan wata biyar ya daina dariyar. Akwai ɗaya da yara suka sa wa suna Amarya saboda yanga, ita ce ta fara. Ta ƙi akurki ƙememe, sai cikin wata tsohuwar tukunya da na ajiye a bayan madafa ta ga dama. Kullum da hantsi in na ji ta tana kyarkyara, in na leƙa sai in tarar da ƙwai fari tas, da ɗuminsa. Takan yi kwana biyar ko shida a jere kafin ta huta ɗaya. Irin nan in ya samu abinci da ruwa yadda ya kamata yana yin ƙwai 280 zuwa 300 a shekara, kuma cinsu kaɗan ne, abin da bai fi giram 110 ba a yini. Abin da ya fi burge ni shi ne zafin Afrilu, lokacin da kajin maƙwabta ke buɗe baki suna haki: nawa suna ta tono a gindin darbejiya abinsu. Ƙaramin jiki da babban zanko suna taimaka musu fitar da zafi. Asalinsu ma daga Italiya ne, sunan ya fito daga garin Livorno na bakin teku, inda aka riƙa ɗaukar su a jirgin ruwa zuwa Amurka.

Suna da nasu halin fa. Ga tsoro, ga tashi sama. Amarya ta sha haura katanga, sai da na rage mata gashin fiffike ɗaya sannan na huta da ba maƙwabciya haƙuri. Kuma ba sa kwanci. In kina son 'yan tsaki, ki samu zakara, ki zuba wa kazar Hausa ƙwan ta kwanta a kai kwana 21 ta ƙyanƙyashe miki. Masu saye a unguwa sun fi sabawa da ƙwai mai ruwan ƙasa, har wata ta taɓa tambayata ko na agwagwa ne. Cikinsa ɗaya ne. Launin ɓawo daga irin kazar yake, launin gwaiduwa kuma daga abin da ta ci, masara da ganye.

Buroila kuwa, na taɓa barin biyu wai su yi mini ƙwai. Sun cinye buhu, ƙafa ta kasa ɗaukar su, ɗaya ta mutu da zafin rana. Nama aka yi ta dominsa, ki ci a wata biyu ki huta.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu yawo da kaji a keji. Gidajen gona suna sallamar kajin ƙwai in sun kai kamar shekara ɗaya da rabi, wasu 'yan kasuwa kuma sai su kwaso su su ce miki 'yan mata ne, gobe-jibi za su fara. Ki duba ƙafa da baki. Budurwar da ba ta fara ƙwai ba ƙafarta ɗorawa ce shar, fatar a sumul. Wadda ta daɗe tana yi launin ya koɗe ya koma fari-fari, saɓar ƙafar ta yi kaushi, gashin wuya ya zube saboda gugar keji. A 'yan tsaki ma akwai wata yaudarar. Zakarun da ake warewa daga kajin ƙwai ba su da tsada, kuma a kwana ɗaya suna kama da buroila, sai a sayar wa mutum da kuɗin buroila. Haka aka yi wa ƙanwata da guda ashirin: mako huɗu tana zuba abinci, sai zanko ke tsawo, jiki shiru. Da ta koma wurin mutumin ya ce wai ba ta iya kiwo ba ne.

Kafin ki miƙa kuɗi, ki juya siririyar ki sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun nan da ke gefen duburarta. In yatsa ɗaya ne ya shiga, ba ta fara ba tukuna. In biyu ko uku suka shiga, tana kan yi ko tana dab da farawa. In ƙafar na da launi kuma zankon ya yi ja jawur, ki biya. Ki ce ya ƙaro miki biyu irinta, don ita kaɗai ba za ta zauna a gida ba.