Malama, ki bar samfurin roban nan, ki sayi wake

Malama, tsakanin samfurin roba na DNA (sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye) da kika ce an yi miki tallarsa da kuma wasan wake da kika ji ana faɗa, ni duka biyun na riƙe da hannuna a ƴan aji uku na ƙaramar sakandare a nan Katsina. Ki sayi wake.

Tiya ɗaya ta farin wake ta ishe ki har shekara ta zagayo. Kada ki haɗa da jan wake, girmansu ba ɗaya ba ne, kuma yaran nan da yatsa suke gane wanda suke so su zaro. Ki raba farin gida biyu, ki ɗiga wa rabi jan maka. Fari shi ne A, ƙwayar gadon jini mai lafiya, mai ja shi ne S, ta sikila. Yara bibbiyu, kowane rukuni da safa biyu ko baƙar leda biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, a kowacce fari goma mai ja goma, wato iyayen duka AS ne. A rufe ido, a zaro ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, a rubuta ɗan da aka haifa, a mayar da waken, a girgiza, a sake. Sau 20.

Ranar da na fara gwadawa, ajin ya koma kamar kasuwar ƙauye. Can baya wani yaro ya zaro SS sau uku a jere, ya miƙe yana rantsuwa wai an yi masa coge a safa, tunda na ce ɗaya cikin huɗu ne. Kafin in buɗe baki wata yarinya da ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryarta ta ce, "Malam, ai waken bai san abin da ya fito ɗazu ba." Wallahi sai da na ajiye alli. Abin da manya da yawa ba su gane ba ke nan, har masu ƴaƴa: suna ɗauka idan an haifi mai sikila guda, ukun da za su biyo baya sun tsira. A'a, kowane ciki da lissafinsa sabo.

Da muka tara na kowa a allo, yara 60, zaro 600, SS ya tsaya kusa da 150, AS ya doshi 300, sauran AA. A nan na kawo musu labarin Gregor Mendel, malamin coci a garin Brno da ke ƙasar Cek a yanzu, wanda ya yi daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar koren waken nan na Turawa yana ƙirga abin da ya fito. Uku da ɗaya ya riƙa samu, irin dai abin da ke allonmu: uku ba su da ciwon, ɗaya na da shi. Ya wallafa a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai 1900, bayan ya daɗe da rasuwa. Yaran sun ji daɗi da suka ga su ma da wake suka kamo abin da Bature ya kamo da wake.

Samfurin roba kuwa, to, yana nuna yadda DNA yake kamar tsani a murɗe, iyakarsa ke nan. Nawa yana saman kabad ya sha ƙurar hunturu, ƙwayoyi biyar sun ɓace tun satin farko. Abu ɗaya a hannun malami, yara sittin suna leƙe. Idan siffar kike so su gani, ki ce su zo da karan dawa da waya. Yaran da ke ƙera mota da kara ba tsani ne zai gagare su ba. Kala huɗu na duwatsun ado ko marfin gorar lemo, a madadin sinadarai huɗu na matakan tsanin, A, T, C da G (wannan A ba ta waken ba ce), sharaɗi ɗaya: A ba ta haɗuwa sai da T, C sai da G. Su murɗa shi da hannunsu, sannan ki gaya musu siffar da masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana ke nan a 1953, da taimakon hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar kayan kimiyya a Facebook da WhatsApp. Wanda na saya a wurinsa, a hoto abin ya kai tsayin yaro, da direba ya miƙo mini a tasha bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma daga ranar lambarsa ta daina shiga. Wani ma har da rantsuwa yake wai ƙaramin madubin ƙara girmansa yana nuna tsanin DNA. Ƙarya ce tsagwaronta, madubin makaranta ba ya nuna shi. In so kike su ga DNA da idonsu, ki dama ayaba a leda da ruwa, gishiri kaɗan da sabulun wanke-wanke na ruwa, ki tace da rariya, ki tsiyaya sifirit mai sanyi na kemis a hankali ta gefen kofin. Wani farin abu mai yauƙi kamar majina zai taso, a ɗago shi da tsinke. Sifirit ɗin dai ya tsaya a hannunki, nesa da wuta.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki tambayi yaro jinotayip ɗinsa a gaban aji, kuma kada ki ba da aikin gida na kwatanta kamanni da iyaye. Akwai marayu, akwai ƴan riƙo, kuma da wuya ki rasa mai sikila ko ɗan'uwan mai ita a zaune. Ki faɗa da bakinki cewa AS ba ciwo ba ne, har ma yana ba da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma mai SS bai yi laifin komai ba.

Waken, in an gama, ki juye a gora mai marfi ki jefa busasshen barkono a ciki. Nawa na farko a leda na bar shi, kafin zango na biyu ƙwari sun mayar da shi gari.