An ce za a ware mata nata, sai ga ƙuli-ƙuli a cikin yaji

Gidan abincin da na kai ƙanwata dai ba shi da makusa a ido. Bakin kogi ne ta wajen Yantala a Yamai, ga iska bayan Magariba, ga tsabta, kuma sun iya gasa giwan ruwa. Matsalar daga madafa take.

Ƙanwata jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa. Ko ƙanƙani ya shiga bakinta sai borin jini ya taso, leɓɓa su kumbura, wani lokacin har numfashi ya sarƙe. Shi ya sa tun da rana na kira mai kula da wurin na yi masa bayani filla-filla. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, za a ware mata nata."

Ashe maganar a kunnensa ta tsaya. Yaron da ya kawo mana abinci bai san da zancen ba. Kifin ya iso an barbaɗe shi da yaji ja wur, na lakata na ɗanɗana tun kafin ta sa hannu, sai ga ƙuli-ƙuli raɗau a harshe. Da na yi magana, yaron ya ce, "Ai yaji ne kawai, ranka ya daɗe," kamar yajin tsire ba da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gyaran da suka kawo: wai a kankare yajin da cokali a mayar da kifin kan wuta. Wuta ba ta kashe abin da ke tayar da ciwon nan, kuma wuƙa da ragar gashin duk sun riga sun taɓa yajin. Na tambayi mai dafa abincin da wane mai aka soya dankali, ya ce a jarka ake kawo musu, babu rubutu a jiki. Man gyaɗa na matsar gida kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke jawo matsalar.

Farar shinkafa da dafaffen ƙwai ta ci, jakarta mai allurar adrenalin, wato allurar gaggawa idan ciwon ya taso, tana kan cinyarta. Sun ba da haƙuri, sun cire kuɗin kifin, wannan na yaba musu. Ni kaɗai zan iya komawa, amma ita ba zan sake kai ta ba sai ranar da na ga mai ɗaukar waya da mai riƙe da ludayi suna magana da juna.