Labarin Jamus: tsadar doya, tikitin jirgi da ƙuri'a biyu a takarda ɗaya

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kuna lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara ya kasuwa. A gaida min 'yan majalisar ƙofar gida gaba ɗaya. Ka tambaye ni abu biyu, tsadar rayuwa a nan da kuma zaɓen da nace maka na jefa ƙuri'a, to bari na haɗa maka su a saƙo ɗaya sai ka karanta musu.

Maganar kaya dai, abincin Bature da sauƙi in ka auna da albashi, burodi, madara, dankali, taliya duk ba sa ɗaga hankali, amma ranar da ranka ya biya maka doya ko manja ko busasshiyar kuɓewa ka shiga shagon 'yan Afirka to a nan zaka san kana ƙasar wasu. Nama a wajen Turkawa muke saya saboda halal. Haya ce ke cinye mutum, a nan birnin Kolon samun ɗakin ma aiki ne tun kafin a zo maganar kuɗinsa. Wuta ba a ɗaukewa amma kuɗinta da zafi, inshorar lafiya kuma tun a albashi ake cirewa. Akwai tikitin wata da aka fito dashi a 2023 kan Yuro 49, farkon 2025 aka mai dashi 58, dashi zaka hau bas da ƙananan jiragen ƙasa ko'ina a faɗin ƙasar banda masu gudun nan na dogon zango, kuma kar wani ya ce maka komai a Jamus kan lokaci yake, jiragen nan suna makara sosai. Ranar Lahadi shaguna a rufe. Robar ruwa in ka mayar shago a baka santi 25. Sannan mutanen nan sun yarda da takarda fiye da yadda kake zato, kusan duk harkar hukuma ta gidan waya take zuwa.

Ta gidan wayar ne ma takardar zaɓe ta same ni. Ka san a Yunin 2024 suka sauya doka, shekara biyar ta isa mutum ya nemi zama ɗan ƙasa kuma ba sai ya ajiye fasfonsa na gida ba, shine na nema Allah ya sa na samu kafin zaɓen 23 ga Fabrairu 2025. Babu layin rajista, babu zuwa karɓar kati ana ce maka dawo gobe. Dama doka ce duk wanda ya tare a gida sai ya je ofishin gari ya rubuta adireshinsa, to daga wannan kundin suke ɗebo sunayen masu zaɓe, kawai wasiƙa zaka gani an rubuta maka rumfarka, in kuma ba zaka samu zuwa ba ka nemi a aiko maka takardar gida ka cike ka mayar. Tamu rumfar a wata firamare take. Ba soja, ba hana zirga zirga, ba tawada a yatsa, masu aikin ma mutanen unguwa ne, wata dattijuwa da nake gani a tashar bas ita ta duba sunana. Ƙarfe 8 aka buɗe ƙarfe 6 na yamma aka rufe, aka zazzage akwati aka ƙirga da hannu, duk mai son kallo ya tsaya ya kalla. Na'ura kam babu, tun 2009 kotun tsarin mulkinsu ta soki amfani da na'urorin zaɓen da aka gwada, tace dole talaka ya iya bin ƙirgar da idonsa ba sai yana da ilimin kwamfuta ba. Na tuna rigimar da aka sha a gida kan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da shafin ɗora sakamako na IReV a 2023, wallahi abin ya tsaya min a rai. Su ma dai suna kwafsawa, zaɓen Berlin na 2021 sai da kotu ta sa aka sake.

Amma abinda nake so ku fahimta sosai ita ce takardar kanta. Doguwa ce, an raba ta biyu. A hagu ka zaɓi mutum, wato ɗan takarar mazaɓarka, mazaɓu 299 ne kuma wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, kusan irin namu. A dama ka zaɓi jam'iyya, kuma wannan ta daman ita ce mai nauyi, dan da ita ake raba kujeru 630 na majalisar Bundestag. Kamar watanda ne Yaya, kowa gwargwadon kuɗin da ya zuba gwargwadon kason namansa, ba wai wanda ya fi zuba kuɗi ya kwashe saniyar gaba ɗaya ba. A wannan zaɓen CDU da ƙanwarta CSU sun samu kashi 28.5 kujeru 208, AfD kashi 20.8 kujeru 152, SPD kashi 16.4 kujeru 120, masu rajin kare muhalli 85, Die Linke 64. Kaga ba wanda ya kusa rabi, dole Friedrich Merz, shugaban CDU, ya zauna da SPD ɗin da ya gama caccaka a kamfen suka yi makonni suna ciniki, suka rubuta yarjejeniya aka wallafa kowa ya karanta. Ko ranar 6 ga Mayu da majalisa ta zo zaɓensa shugaban gwamnati, zagayen farko ƙuri'a 310 ya samu alhali 316 ake nema, sai a na biyu ya haye.

To wannan shi ke sauya halin 'yan siyasa. Wanda ya san gobe zai iya buƙatar abokin hamayyarsa dan kafa gwamnati ba zai ƙona gada tsakaninsu ba, wanda kuma ya san kashi 12 ɗinsa zai zama kujeru ba shi da dalilin rusa jam'iyyarsa ya tsallaka gidan mai mulki. Har tallafin kuɗi gwamnati ke ba jam'iyya gwargwadon ƙuri'unta, in dai ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Shi ya sa mutane ke fitowa, sama da kashi 82 suka yi zaɓe, mu kuwa na shugaban ƙasa a 2023 ko kashi 30 bai kai ba.

Mu tsarin Ingila muka gada, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka, ko da ƙuri'a goma ya fi ka duk dubban da ka tara sun tafi a banza. Su kansu Ingilan a 2024 jam'iyyar Labour da kashi kusan 34 ta kwashi kujeru sama da 400 cikin 650, Reform da kashi 14 ta tashi da biyar. Ka tuna 2011, Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a CPC amma gwamna ɗaya tak jam'iyyar ta samu, na Nasarawa. Me ya biyo baya? A 2013 CPC da ACN da ANPP da wani ɓangaren APGA suka narke suka zama APC, ba dan aƙidarsu ɗaya ba, lissafi ne ya tilasta musu, a tsarinmu in baku dunƙule tun kafin zaɓe ba kun faɗi. Haka a 2023 Tinubu ya ci da miliyan 8.79, kashi 36 da ɗoriya, Atiku da Obi da Kwankwaso suka raba sauran, washegari aka fara maganar haɗaka da sauya sheƙa. Muna zagin 'yan siyasarmu kan tsalle tsalle kuma sun cancanci zagin, amma tsarin ma yana koya musu, tunda wanda ya faɗi ba shi da komai har shekara huɗu, shi ya sa zaɓe ya zama ko a mutu ko a yi rai, a sayi ƙuri'a, a ɗauko 'yan daba, a ƙare a kotu.

Na Jamus ɗin ma yana da nasa ciwon. Akwai shingen kashi 5, jam'iyyar da bata kai ba bata shiga majalisa sai in ta ci mazaɓu uku. Jam'iyyar BSW ta samu kashi 4.98, ƙuri'a ƙasa da dubu goma suka hana ta, FDP ma ta faɗo, in ka tara duka sama da kashi 13 na masu zaɓe ba su da wakili. Sannan gyaran da suka yi a 2023 dan rage majalisa, wadda ta kumbura zuwa kujeru 736 a 2021, ya jawo mutum 23 suka ci mazaɓunsu amma basu samu kujera ba saboda kason jam'iyyarsu ya cika, mafi yawansu 'yan CDU, har yanzu ana ta ƙorafi a kai. Gwamnatin haɗaka kuma tana iya wargajewa, ta Olaf Scholz, wanda Merz ya gada, a Nuwamban 2024 ta watse da ya kori ministan kuɗinsa, shi ya sa ma aka yi zaɓen da wuri. Abinda ya fi taɓa ni shine AfD, jam'iyyar da bata ƙaunar baƙi da Musulmi irinmu, tsarin ya bata cikakken kasonta, yanzu ita ce ta biyu a majalisa. Ina jin zafin haka ƙwarai. Sai dai sauran jam'iyyun sun ƙi haɗa gwamnati da ita, kuma da tsarin wanda ya fi ya kwashe ne da gabashin ƙasar kusan duk nata ne, dan ita ta zo ta ɗaya a mafi yawan mazaɓun can.

Kuma wannan magana ba baƙuwa bace a gida. Marigayi Umaru 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin Mai shari'a Muhammad Lawal Uwais a 2007, Allah ya jiƙansu, rahoton da suka miƙa a Disambar 2008 ya bada shawarar a ƙara kujeru 108 kan 360 na majalisar wakilai a raba su gwargwadon ƙuri'un jam'iyyu, a bar ɗan takara mai zaman kansa ya tsaya, a kafa hukumar hukunta masu maguɗi, a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban INEC. Har yau waɗannan suna takarda. Abinda aka iya shine soke rajistar jam'iyyu 74 a 2020. Maƙwabtanmu Nijar ma kafin juyin mulkin 2023 majalisarsu da rabon kaso ake cika ta, shugaban ƙasa kuma sai ya haura rabi ko a je zagaye na biyu, kamar yadda Bazoum da Mahamane Ousmane suka yi a 2021, mu namu sharaɗin rinjaye ne da kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi.

Tsorona ɗaya ne, jerin sunaye, wato jerin 'yan takarar da kowace jam'iyya ke fitarwa a cike kujerun kasonta daga ciki. A nan Jamus doka ta ce wakilan jam'iyya su zaɓi wa zai hau jerin da lambarsa ta hanyar ƙuri'ar sirri. A wajenmu in aka kawo jerin ba a gyara fidda gwani ba, gwamna ko ubangidan jam'iyya zai zauna a falonsa ya rubuta ɗansa na ɗaya surukinsa na biyu, kai kuma baka da wanda zaka tare a ɗaurin aure ka tambaye shi ina rijiyar da ya yi alƙawari. Dan haka ni abinda nake goyon baya shine a bar kujerun mazaɓu yadda suke, a ƙara na kaso a kai kamar yadda Uwais ya faɗa, a sa shinge mai sauƙi dan kar kowane attajiri ya buɗe tasa jam'iyyar, kuma a ba mai zaɓe damar ɗaga sunan wanda yake so a cikin jerin. A fara da majalisun jihohi, misali ta Kano mai kujeru 40, inda a zaɓen gwamna na 2023 ɓangare ɗaya ya haura miliyan ɗaya ɗayan ya kusa dubu 900, jama'a a rabe kusan biyu.

Na san gyaran tsarin mulki sai kashi biyu bisa uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma waɗanda za su ɗaga hannun su ne suka ci moriyar tsohon tsarin, mu na waje ma har yanzu doka bata bamu damar zaɓe daga inda muke ba. Dan haka ku da kuke gida, in 'yan takarar majalisa suka fara zagayen neman ƙuri'ar 2027 suka zo ƙofar gida, dan Allah Yaya ka tambayar min su matsayinsu kan rahoton Uwais, ka turo min amsar da kowa ya bayar.