Kwana biyar da 'ya'yana suka yi suna koyon kula da dabbobi a Legas

Sana'ata dabba ce. Mahaifina ɗan kara ne a Maigatari, ni ma a kara na buɗe ido, kuma yau shekara 17 ke nan ina sauke raguna da shanu a Abbatuwar Oko-Oba da ke Agege. Shi ya sa ranar da uwargida ta miƙo mini wayarta, ta ce in duba tallar da aka turo a zauren WhatsApp na iyayen yara, wai wani gidan dabbobi zai koya wa yara kula da dabba na kwana biyar a dogon hutu, ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ce mata in dai dabba ce, ga turkena nan, su riƙa bi na.

Ta ce, "Baban yara, turkenka wurin ciniki ne. Ka manta abin da Auta ya yi wa kyanwar maƙwabta?"

Ban manta ba. Igiya ya ɗaura mata a wuya yana ja a tsakar gida, da na daka masa tsawa kuma sai ya dube ni da mamaki, don bai san ya yi laifi ba. Yaron nan ya haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, a Islamiyya aka koya masa, amma bai haɗa karatun da kyanwar da ke gabansa ba. A Agege aka haife su shi da yayarsa, a gidan haya. Dabba a wurinsu aba ce da tirela take saukewa da asuba, a yi ciniki, a ja ta mayanka. Mu mun yi kiwo, mun kwana ɗaki ɗaya da 'yar akuya marar lafiya, mun san tausayinta tun kafin mu san kuɗinta. Su da kuɗin suka fara. Daren nan na ce mata ta rubuta sunansu.

Ba zan kama sunan wurin ba, tunda akwai abubuwan da zan soka. Ƙaramin gidan namun daji ne mai zaman kansa a gefen gari. Abin da na biya wa yara biyu ya kai kuɗin tunkiya mai kyau, ban da kuɗin mota. Litinin zuwa Juma'a ake yi, ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na rana, a watan Agusta. Muna fita daga gida ƙarfe shida da rabi, duk da haka ranar farko cunkoson Oshodi ya sa mun makara. Ni na kai su kwana uku, kawunsu ya kai su kwana biyu, kuma an bar iyaye su zauna a rumfa su kalli abin da ake yi.

Ranar farko yara suna ta ɗokin ganin kada, sai aka wuce da su bakin famfo. Wanke hannu da sabulu aka fara koya musu, kowa yana ƙirga ashirin kafin ya ɗauraye. Likitar dabbobin wurin, wata mace Bayarabiya mai haƙuri da yara, ta ce kunkuru da maciji da ƙadangare suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira salmonela, su ba ta damunsu, amma yaro in ya taɓa su ya kai hannu baki sai zawo da zazzaɓi. Ta kuma ce in kare ko biri ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jiki da wuya a tashi. Duk shekarun da na yi cikin dabbobi ban taɓa jin maganar minti 15 ɗin nan ba. Na rubuta a wayata.

Daga nan aka raba musu tsintsiya da shebur da bokiti. 'Yata, mai shekara 11, aka ba rukuninsu zomaye da kunkuru. Auta, mai shekara 8, ya samu awaki da jaki da zabi. Kada da jimina da birai kuwa daga bayan waya kawai ake kallonsu, kuma ma'aikatan ba su yi wasa da wannan dokar ba ko sau ɗaya a gabana.

Abin da ya saye ni shi ne ɗan littafin da aka ba kowane yaro. Kullum da safe, kafin a zuba abinci, yaro zai tsaya gaban dabbarsa minti goma bai ce uffan ba. Kallo kawai. Sannan ya rubuta: ta cinye na jiya ko ta rage, ruwan ya ragu ko yana nan, kashinta ya yi tauri ko ya yi ruwa, idonta garau ne ko da kwantsa, tana tsaye a kan ƙafa huɗu ko tana ɗage ɗaya. Ina zaune a rumfa ina kallon yara sun yi tsit a bakin keji, sai mahaifina ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Haka yake yi bayan sallar asuba. Ya jingina da sandarsa a bakin garke, ya daɗe bai yi magana ba, can sai ya nuna saniya ɗaya ya ce a ware ta. Bai taɓa ce mana wannan karatu ne ba, a tsaye kusa da shi muka ɗauka. Ni ma har yau ina yi, amma ban taɓa tsayar da ɗana kusa da ni ba, don a Abbatuwa kafin gari ya waye dillalai sun kewaye ka, waya tana ta ƙara. Sai ga shi na biya kuɗi wasu suna koya wa jikokin ɗan kara abin da kakansu ya fi kowa iyawa. Abin ya yi mini ciwo, kuma na gode musu.

A wajen kunkuru akwai wani dattijo ma'aikaci, mutumin wajen Bauchi, shi kaɗai ne mai jin Hausa a cikinsu. Kunkurun ƙato ne, irin na ƙasar Sahel da ake samu a Nijar da Chadi, wanda in ya girma yakan haura kilo 50. Dattijon ya ce ciyawa ce abincinsa, kuma damshin Legas ba ya yi masa, don haka suka yi masa ɗaki mai busasshen yashi. Ya ba 'yata burushi mai laushi ya ce, "'Yata, goga masa bayan a hankali." Tana gogawa sai kunkurun ya miƙo wuya, ya ɗan karkato jikinsa wajen burushin. Ta juyo da ƙarfi ta ce, "Baba, ashe yana ji!" Dattijon ya bayyana mata cewa ƙoƙon bayan nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi, akwai jini da jijiya a ciki. A mota muna komawa ta tambaye ni, to masu huda gefen ƙoƙon su zura igiya fa? Na ga ana yin haka a garinmu tun ina yaro, ban taɓa tunanin zafi yake ji ba. Na faɗa mata gaskiya, na ce rashin sani ne.

Zomo ma haka. Duk wanda na sani da kunne yake ɗaukarsa. Su an koya musu hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a tallafe ƙugu, saboda ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, in ya yi wutsil-wutsil a rataye yana iya karyewa. Haƙoransa kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, shi ya sa dole ya wuni yana tauna ciyawa ko harawa, karas kaɗai ba ya riƙe shi.

Ranar Laraba likitar ta fito da wani dunƙule baƙi, busasshe, ya kai girman ƙwarya. Ta ce yara su canki ko mene ne. Leda ce da aka ciro daga tumbin akuya. Ta zana musu cikin akuya mai ɗaki huɗu, ta nuna yadda take haɗiye ciyawa ta dawo da ita baki ta yi tuƙa, da yadda leda take zama a tumbi ba ta narkewa ba ta fita, har ta cushe wurin, dabba tana ramewa cikinta yana kumbura. Wannan kam na fi likitar ganinsa, kullum mahauta suna zaro irinsa a Abbatuwa. Amma Auta bai taɓa gani ba. Ya riƙe dunƙulen da hannu biyu, ya daɗe yana juya shi. Tun daga ranar, in ya zo turke, ledar fiya wata yake fara tsincewa kafin ya zauna, ba wanda ya sa shi.

Akwai wani aku mai ruwan toka da jan wutsiya, ƙirjinsa duk a fige. Wani ne ya kawo shi bayan ya shekara da shekaru shi kaɗai a ƙaramin keji, kaɗaici ya sa yake tsige gashin kansa. A nan aka faɗa wa manyan yaran cewa a shekarar 2016, a taron ƙasashe da aka yi a Johannesburg, an haramta cinikin irin wannan akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, shi da ɗan kunya, dabbar dajin nan mai ɓawo a jiki, wanda kwastam suka sha kama ɓawonsa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Na ji nauyin maganar, domin a cikin masu yawo da tsuntsaye da 'yan birai a kasuwanni akwai namu, kuma na sha wucewa ta gabansu ban ce komai ba.

To, ga inda suka gaza. Yara sun haura 40, masu kula da su huɗu ne, saboda haka yaro mai kunya sai ya wuni bai taɓa komai ba. Komai da Turanci ake yi, ma'aikata kuma su yi Yarabanci a tsakaninsu. Nawa suna ji, amma yaron da aka kawo hutu daga gida zai zauna ne kamar kurma. Har 'yata ta zo tana faɗa mini sunan wata dabba da Turanci, sai da dattijon nan ya ce mata ai bushiya ce, waccan mai dogayen ƙayoyin kuma beguwa. Azahar tana samun yara a can, kuma ba a tanadi wurin salla ba, alhali Musulmi ba su da kaɗan a cikin yaran, Hausawa da Yarabawa. Sai da na yi magana aka share gefen sito, muka shimfiɗa kwali. Daga baya sun kawo tabarma, na yaba da wannan, amma bai kamata sai an roƙa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne kejin birai. An koya wa yara cewa dabbar da take kai da kawowa a layi ɗaya ba hutawa tana cikin damuwa. Ga shi kuma a wurin akwai biri guda a keji mai daɓen siminti, ba reshe ba inuwar kirki, yana yin daidai abin da aka kwatanta. 'Yata ta rubuta a littafinta kwana uku a jere, ta kai wa Antinsu, aka ce mata ana shirin gyarawa. Da Sallar bara na kai su gandun Lekki, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, inda ake hawa gadar nan mai lilo ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. A can birai a sake suke, suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Yarinyar ta ga wancan ta ga wannan, ba wanda zai ce mata ɗaya ne.

Ranar Juma'a kuma, da aka zo rabon takardar shaida, aka fito da wata 'yar mesa ana ɗora wa yara a wuya ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar hoto, kowane hoto da kuɗinsa. Mako guda ana ce musu dabba ba abar wasa ba ce, sai a rufe da wannan. Na hana nawa, na kuma faɗa wa shugaban wurin dalilina a gabansa. Ya saurare ni da mutunci, ko zai canja ban gani ba tukuna.

In Allah ya kai mu baɗi zan sake kai su, amma sai na fara zuwa na duba kejin birin nan. Wanda ɗansa bai kai shekara bakwai ba ya dakata, aikin ya fi ƙarfinsa kuma zai ɓace a cikin taro. A sa wa yaro tsofaffin kaya da takalmin roba mai rufi, a haɗa shi da abincinsa da ruwansa da 'yar darduma. Na kuma fara yi wa wasu dattawan kara magana, ko a dogon hutu za mu riƙa ware safiya ɗaya a mako mu tara 'ya'yanmu a turke, mu gayyato likitan dabbobi, a yi musu da Hausa. Awaki da raguna dai muna da su, masu sani ma muna da su.

Mako biyu da gamawa, ranar wata Asabar, 'yata ta biyo ni Abbatuwa da littafinta. Ina can ina fama da wani mai saye, ita tana tsaye a bakin turke ta yi shiru. Da na sallame shi ta jawo hannun rigata ta ce, "Baba, wancan mai baƙin kunnen tun ɗazu bai yi tuƙa ba, kuma bai taɓa dusarsa ba." Na shiga na kama ragon. Kunnensa da zafi, hancinsa yana yoyo. Na kwance shi na kai shi turken baya shi kaɗai, na sa yaro ya canja wa sauran ruwa, na kira likita a waya. Ita kuma ta zauna a kan buhun dusa tana rubuta lokacin da aka ware shi.