Sharhi kan darussan tarihin birnin Uruk da ake ɗorawa a waya

A wani shagon ɗora karatu da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi na biya jika guda aka zuba mini darussa shida a katin waya, dukkansu da Hausa, kan yadda birnin Uruk na Sumeriyawa ya bunƙasa a kudancin Iraƙi ta yau, wurin da yanzu ake kira Warka. Mai shagon bai karɓi kuɗina ba sai da ya kunna mini kowane darasi na ji yana tashi, abin da ba kowa ke yi ba.

Darasi na uku shi ya fi ratsa ni, domin malamin bai fara da sarakuna ba, da rumbu ya fara. Ya bayyana cewa rubutun da ya ɓullo a Uruk wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan allunan yumɓu da aka tono mafi yawansu a Eyanna, harabar bautar allahiya Inanna, galibinsa lissafi ne na sha'ir da tumaki da abincin ma'aikata. Da ya zo kan kwanonin ƙasa masu yawan gaske da masana da dama ke ganin da su ake rabon hatsi, sai ya kwatanta su da tiyar da muke awo da ita, nan take na fahimci yadda garin da ake ƙiyasta mutanensa sun kai 40,000 ya iya ciyar da magina da masaƙa waɗanda ba sa zuwa gona. Wannan kwatance kaɗai ya biya kuɗina.

Ganuwar birnin mai tsawon kusan kilomita 9, wadda ake jingina wa sarki Gilgamesh, ta samu bayani daidai gwargwado. Amma na ji takaicin yadda aka taƙaita batun ruwa, alhali magudanan da aka janyo daga kogin Furatu su ne tushen arzikin, kuma kaucewar kogin tana cikin abin da ya durƙusar da garin. Mu mutanen Maraɗi da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa kakanninmu suka bar kwari suka hau tudu, wannan babi ya cancanci darasi guda sukutum a wurinmu.

Sautin darasi na biyar yana da ƙara, kuma babu taswira, don haka malamin lakkal da zai kunna wa ɗalibai sai ya tanadi tasa.