Tuwon Mando kafin jirgin Legas

Duk wanda ya taɓa jiran jirgi a Kaduna ya san filin ba cikin gari yake ba. Yana can gaba da Mando, wajen Afaka, a ƙaramar hukumar Igabi, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari. Ni daga Zariya na taso da safe zan tafi Legas saro kaya, sai aka ɗage tashinmu daga azahar zuwa bayan la'asar. Komawa gida ba ta taso ba. Abin da idona ya gane min a ciki biskit ne da lemon kwalba, ni kuwa cikina bai san waɗannan da sunan abincin rana ba.

Wani dattijo mai tasi ya ga ina ta kai-kawo, ya ce, "Alhaji, in tuwo kake nema, sai Mando." Muka yi ciniki zuwa da dawowa, har da jira. Wannan shi ne muhimmin abu, don samun motar da za ta maido ka filin daga Mando ba kamar tare Keke Napep a Kawo ba ne. A hanya yake ba ni labarin watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida ana gyaran titin saukar jirage, aka karkato da su Kaduna. Ya ce bai taɓa ciniki irin na lokacin ba, har yau kuma bai daina fatan titin Abuja ya sake lalacewa ba. Na ce, "Baba, a dai yi fatan alheri."

Wurin tuwon da ya kai ni rumfar kwano ce, babu allo babu suna, ba nisa da sansanin alhazai. Benci, tebur mai shimfiɗar leda, buta da sabulu a bakin ƙofa. Hajiya mai wurin da kanta take zuba miya, yaranta na miƙawa.

Tuwon shinkafa na ce a ba ni da miyar taushe, kuma a nan ne kuɗin motata ya fita. Tuwon ya tuƙu, babu gudaji, ba kuma irin mai ruwa-ruwan nan da ke bin yatsa ba. Miyar ta ji kabewa har ta yi kauri, gyaɗar ba ta danne ta ba, an sa yakuwa daidai yadda tsaminta zai taɓa harshe ya wuce. Daddawa ce ke magana a ciki, ba ɗunkule ba. Masu sayar da abinci da yawa yanzu sun mai da miya ruwan magi, ka ci ka wuni kana shan ruwa. Da ta ga na yi shiru ina aiki, sai ta ɗebo man shanu ta zuba min ba tare da na tambaya ba. "Alhaji, ka ci sosai, Legas ba za su ba ka wannan ba."

Naman dai bai kai miyar ba. Yanka biyu aka sa min, ɗaya ya yi laushi, ɗayan kuwa jijiya ce zalla, na bar wa kwano. Zoɓon ya yi sanyi amma sukari ya yi masa yawa, citta ba ta fito ba. Akwai ƙudaje, fanka ɗaya ce, kuma ban ga wani keɓaɓɓen wuri da mace matafiyiya za ta zauna ta sake ba; mai iyali gara a ƙulla masa ya ci a mota. Na'urar POS ma ta ƙi karɓar kati, sai tiransifa na yi muka tsaya jiran alat. Ka riƙe tsabar kuɗi. Duka da ruwan gora naira 2,800 na biya, kuɗin tasi ya ninka haka har da ɗoriya.

Masallaci na nan kusa, na yi azahar muka juyo. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanyar filin, wani lokaci a wuce da kai, wani lokaci a buɗe but, saboda haka in jiranka bai kai awa uku ba, kada ka fito. Ka kuma karɓi lambar wani fasinja da zai kira ka in an fara kiran shiga. Baba mai tasi ya ce masarta ta fi tuwon suna, amma tun kafin sha biyu take ƙarewa.